Gargaɗi ga masu motoci: a daina hawa titi da sitiyarin da ba a saita manhajarsa ba

Duk wanda aka canza wa motarsa wani sashe na sitiyarin lantarki da kayan Beljiyam, ya dakatar da tafiya mai nisa har sai an sa wa motar kwamfuta. Maganar ta shafi akasarin motocin da ake shigowa da su yanzu daga Amurka, irin su Corolla daga ƙirar 2009, Camry daga 2012, da Accord daga 2013. Mai shakka ya ɗaga bonet: in babu tankin man sitiyari, to nasa na lantarki ne.

Irin wannan sitiyari ƙaramin injin lantarki ne ke taya direba murza shi, wata 'yar ƙwaƙwalwa kuma ke ba injin umarni. Tana auna ƙarfin da hannunka ya sa, da inda sitiyarin ya karkata, sannan ta tambayi sauran ƙwaƙwalen motar, musamman ta birki, gudun da ake yi. A wurin fakin sai ta sassauta shi, a babban titi ta ƙara masa nauyi don kada motar ta riƙa yawo. Duk wannan lissafi yana cikin manhajar da kamfani ya rubuta wa takamaiman mota, gwargwadon nauyinta da injinta da girman tayarta da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

A nan ake rufta mutane. Za a je Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a samo kaya mai kama da naka sak, soket ya shiga, kusoshi su ɗauru, a tayar da mota sitiyari ya yi laushi, kowa ya ce alhamdulillahi. Alhali an ciro shi ne daga wata ƙirar, ko daga motar Japan mai sitiyari a dama. Kama da wane ba ta wane ba ce. Ƙwaƙwalwar da ta ga bayanan da ba ta gane ba tana iya janye taimakonta nan take, sau da yawa a tsakiyar kwana ko bayan an faɗa rami.

Kada a ce sakacin gareji ne kaɗai. A Nuwamban 2022 kamfanin Tesla ya yi kiranye ga motoci kusan 40,000 samfurin Model S da Model X, saboda sabuwar manhajar da ya tura musu ta sa suna ɗaukar girgizar rami a matsayin matsala, su yanke taimakon sitiyari. In wanda ya ƙera motar ya yi wannan kuskure, ina ga kayan da ba a san asalinsa ba, a kan titunanmu da ramukansu suka fi kwalta yawa?

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Fitila mai hoton sitiyari ko rubutun EPS ko P/S ta kama a gaban direba, wani lokaci tare da ta ABS. Sitiyari ya yi nauyi ya saki, ko ya fi laushi ta gefe ɗaya, ko ya ƙi dawowa tsakiya bayan kwana, ko mota ta riƙa ja gefe duk da an yi alaimen.

Kafin a zargi manhaja a fara auna batir da altaneta da wayar ƙasa, domin sitiyarin nan mai shan wuta ne, kuma raunin batir kaɗai kan kunna fitilar. Daga nan a jona kwamfuta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A kula: ƙananan na'urorin nan masu arha galibi matsalar inji kawai suke karantawa, su nuna babu komai. Ana buƙatar wadda ke shiga ƙwaƙwalwar sitiyari, kamar Techstream ga Toyota ko HDS ga Honda. Cikin lambobin matsala da kwamfutar ke nunawa, U0131 na nufin magana ta yanke tsakanin sitiyari da sauran motar, wanda yawanci waya ce ko fis. U0320 kuwa ita ce ke cewa manhajar sitiyarin ba ta jitu da motar ba. Wannan ba a gyara ta da sifana. Ko a samo sashe mai lambar da ta dace da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ko a ɗora manhajar da ta dace, sannan a saita tsakiyar sitiyarin tayoyi na kallon gaba. Yayin ɗora manhaja batir ya kasance a jone da caja. In wuta ta yanke a tsakiya, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa ɗungurungum.

In mai rewaya ya ce bari ya goge lambobin kawai, ka ce masa: "Maigida, bari in ɗauki hotonsu tukuna." In ya ce zai toshe fitilar, ɗauke motarka.

Idan sitiyarin ya ɗauke kana kan hanya, bai rabu da tayoyi ba, nauyi ne kawai ya yi. Riƙe shi da hannu biyu, kunna fitilun haɗari, rage gudu sannu a hankali ka gangara gefe, kuma kada ka kashe inji mota na tafiya. Ko da ya dawo bayan ka kashe ka kunna, gareji za ka nufa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ita ce 122.