Kogin Jama'are da Amanar Tsuntsayen Fadama

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama a Turai, dubban tsuntsaye kan ƙetaro Sahara su sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, inda suke tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Kaso mai tsoka na ruwan da suke sauka a kansa ta ƙasar Katagum yake biyowa. Kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jama'are, ya bi ta gefen tsohon garin Katagum a ƙaramar hukumar Zaki, sannan ya bazu cikin fadama ya haɗe da kogin Haɗeja.

Amanar waɗannan halittu a matakin tarayya tana wuyan Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1991. Matattarar tsuntsaye ta Dagona da ke Jihar Yobe tana ƙarƙashinta, a matsayin sashe na gandun yankin Tafkin Chadi. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince dajin Baturiya na Jigawa ya shiga sahun gandayen ƙasa. Jihar Bauchi kuwa ba ta da gandun tarayya tun 2006, shekarar da Yankari ya koma hannun jiha.

A nan gizo ke saƙar. Ikon hukumar ya tsaya a iyakar gandu, alhali abin da ke raya gandun daga wajen iyakar yake fitowa. Abin da ya faru a ɓangaren Haɗeja ya isa izina. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ambaliya ya sauya. Wuraren da a da ruwa ke cikawa da damina ya janye da rani suka zama ba sa bushewa, ciyawar kachala ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar jan baki mai cinye gero da shinkafa. Manomi ya yi asara, masunci ya yi asara, tsuntsun da ke buƙatar buɗaɗɗen ruwa shi ma ya rasa masauki.

Kogin Jama'are har yau babu babbar madatsa a kansa. An daɗe ana maganar ta Kafin Zaki, kuma ba zan ga laifin manomin Katagum da ke fatan ruwan noman rani ba, domin buƙatarsa gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne, kafin a tare kogi a san abin da ke rayuwa a cikinsa da gefensa: wane kifi ke hawa ya yi ƙwai, wane tsuntsu ke sheƙa a ina, ruwa nawa ya wajaba a saki kowace damina. Wannan aikin bincike ne, kuma hukumar ƙasa ce ya kamata ta ja ragamarsa, tunda kogin ya ratsa jihohi.

Ko a tudu ma alamun sun bayyana. Dattawa suna tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta. Yau ta yi wuyar gani, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Gauraka ma, duk da ƙawarta, ta kusa zama labari a Najeriya.

Kayan aikin na nan kusa. Jami'ar jiha da ke Gadau tana maƙwabtaka da Azare, ga masunta da mafarauta da makiyaya da suka san kowane tafki da sunansa. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, har da fadamar Nguru. Muna kira ga hukumar da ta buɗe tashar bincike a gaɓar Jama'are tare da jami'ar da Masarautar Katagum, ta horar da ɗalibanmu, ta kuma riƙa bayyana sakamakon ƙidayar da Hausa a gidajen rediyo.