JA DABAN, ƊAUKA DABAN: YADDA MAKIYAYAN AMURKA KE AUNA MOTA DA TIRELA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san amalanken jaki mai ƙafa 2. In an jibga buhuna a gaba, nauyi ya kan sauka a gadon bayan jaki har ya durƙusa. In an tura su baya ƙwarai, sai amalanke ya nemi ɗaga jakin sama. To, a ƙasar Amurka ma akwai wannan matsala, sai dai jakinsu mota ce.

Can, makiyayi da manomi su kan sayi a-kori-kura, su ɗaura mata tirela ta ɗaukar shanu, ko ciyawa, ko wadda aka yi kamar ɗaki don tafiya. Akwai irin da ba a maƙala ta a gindin mota. Ana kafa wani farantin ƙarfe a cikin bodi, daidai saman tayoyin baya. Wuyan tirela ya hau kansa, a kulle da ƙusa mai kauri. Sunan farantin nan "ƙafa ta biyar". Kun sha ganin babbansa: shi ne ke haɗa kan tirela da bodinta a motocin da ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Mai sayar da mota zai ce maka tana jan tan 5. Gaskiya ne. Amma ja daban, ɗauka daban. Cikin kilo 100 na nauyin irin wannan tirela, kilo 15 zuwa 25 a kan motar su ke zama.

Mu yi lissafi. Tirela da kayanta kilo 5.000. Mu ce kilo 20 cikin 100 sun hau mota. Kilo 1.000 ke nan, wato buhu 10 na gero mai kilo 100. Ba a gama ba. Sai an ƙara nauyin farantin kansa, da direba, da iyalinsa, da kayan aiki. In motar kilo 900 kaɗai aka yarda ta ɗauka, to an wuce iyaka tun ba a tada inji ba. Injin zai ja kam, ba shi da gardama. Tayoyin baya ne za su yi zafi su fashe, sifirin ya kwanta, birki ya kasa tsai da mota da wuri.

Ina a ke sanin iyakar? Masu ƙera mota su kan liƙa takarda a jikin ƙofar direba. An rubuta nauyin da mota za ta ɗauka, da abin da tayoyin gaba da na baya za su iya. Mai hankali ba ya tsayawa nan. Ya kan loda tirelarsa kamar ranar tafiya, ya je ma'aunin manyan motoci. A auna da tirela, a kwance ta a sake aunawa. Bambancin da motar ta nuna, shi ne abin da ke bayanta.

Shi ya sa mai babbar tirela ba ya cika sayen ƙaramar Ford F-150. Ya kan nemi F-250, ko F-350, wadda wata ma tayoyi 4 gare ta a baya.