Jijiyar da ke Raba Hanya a Cikin Muƙamuƙi

A ƙarshen shekarar 1884, a birnin New York na Amurka, wani matashin likitan fiɗa mai suna William Halsted ya sa wani ɗalibin likitanci ya wangale baki. Ya soka allura can ƙurya, ta bayan turmin ƙarshe na ƙasa, ya ɗura ruwan hodar ibilis kusa da wata jijiya. Ba a jima ba wannan gefen bakin ya mutu. Daga nan aka samo allurar da likitocin haƙori ke yi har yau kafin su cire turmi, sai dai an daɗe da canza maganin. Halsted bai fita lafiya ba. Shi da abokin aikinsa Richard Hall a jikinsu suka riƙa gwaji, hodar ta kama su, kuma har Halsted ya mutu a 1922 bai rabu da ƙwaya ba.

Jijiyar nan tana shiga ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta wata kafa daga ciki, ta bi wani siririn rami a ƙarƙashin saiwoyin turame tare da jijiyoyin jini, sannan ta ɓullo ta wata kafar a gefen haɓa. Ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi, su ji zafi. Littattafan koyon likitanci sun daɗe suna zana ramin guda ɗaya a dama, guda ɗaya a hagu.

Amma akwai mutanen da za a yi wa allurar yadda ya kamata, leɓe ya yi nauyi, da an kama haƙorin sai su zabura. Abin da ke saurin zuwa bakin mutane shi ne raki gare su. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin da yawansu gaskiya suke faɗa. Dalilan da ke hana allura ci suna da dama, kumburi ma na ciki, amma ɗaya daga ciki a binne yake a ƙashi, inda ido ba ya kaiwa.

Hoto ne ya tono shi, a hankali. A 1977 wani mai bincike mai suna Nortjé da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka bi hotunan muƙamuƙin mutum 3,612 ɗaya bayan ɗaya, irin faffaɗan hoton nan mai nuna baki duka daga kunne zuwa kunne. Suka ga a wasu ramin biyu ne, amma ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A 1985 Langlais da nasa mutanen a Amurka suka duba hoto 6,000, suka samu 57. Sai aka ɗauka abu ne da ba kasafai ake gamuwa da shi ba.

A 1996 wani bincike a kan muƙamuƙin 'yan tayi ya nuna cewa tun a ciki hanyoyi uku ne daban-daban ke zuwa ga haƙora, daga baya su haɗe su zama ɗaya. Idan haɗewar ba ta cika ba, sai mutum ya girma da reshe, kamar ƙoramar da ta rabu biyu. Wani reshen yakan hau sama ya ɓullo a bayan turmin ƙarshe, daidai inda wuƙar likita ke bi.

Sannan na'urar CBCT ta zo, wadda aka ƙera a Italiya da Japan a ƙarshen shekarun 1990, mai nuna ƙashi yanka-yanka ta kowace fuska. A 2009 Naitoh da abokansa a birnin Nagoya na Japan suka duba mutum 122 da ita, suka ga reshe a kusan 65 cikin ɗari. Ashe tsohon hoton ne ke danne ƙashi a kan ƙashi yana ɓoye shi.

Ina tunanin manomi a Tabanni, a ƙasar Birnin Gwari, wanda turmi ya hana shi barci. Tsakaninsa da manyan asibitocin Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika akwai daji da hanya mai nisa, saboda haka wanda ya samu kusa shi zai cire masa. Idan wajen cirewar aka yanki irin wannan reshe, jini kan yi ta zuba fiye da kima. Idan kuwa babbar jijiyar aka ji wa rauni, leɓe da haɓa kan mutu na makonni ko watanni, wani lokaci har abada: mutum ya ciji leɓensa bai sani ba, shayi ya zubo masa a riga. Turmin da ya kwanta a cikin ƙashi bai kamata a taɓa shi ba sai an ɗauki hoto, ko da na faffaɗan nan ne. Wanda kuma leɓensa ya kwana ya wuni a mace bayan cire haƙori, ya nemi likitan baki da muƙamuƙi da wuri, domin gyaran jijiya ya fi ci a watannin farko.