Takalmin Ruwa a Ingila: Ado Ya Yi Sauƙi, Narkarwa Ta Gagara

Duk shekarar da ruwa ya sauka lokacin bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury, a gonar Worthy da ke Somerset, ranar da jama'a suka watse sai a tarar da takalman ruwa yashe cikin caɓi. Wani ƙafa ɗaya ne, wani ko ƙwarzane babu. An saye su don kwana biyar, an bar wa masu shara.

Asalin takalmin na fata ne. Wellington, sarkin yaƙin da ya karya Napoleon a Waterloo a 1815, shi ya sa wani baduku a Landan ya ɗinka masa, sunansa ya bi takalmin. Na roba ya zo ne bayan Charles Goodyear ya sami lasisin dabararsa a 1844: a gasa danƙo da farar wuta, ya daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi. A 1856 aka kafa masana'anta a Edinburgh, wadda daga baya ta zama Hunter, kuma ita ta yi wa sojojin Birtaniya takalma sama da ƙafa miliyan ɗaya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ramukan yaƙi suka cika da ruwa.

An fi saninsa a matsayin kayan manomi da masunci, sai a 2005 aka ɗauki hoton Kate Moss, mai tallan kayan ƙawa, sanye da shi a taɓon Glastonbury. Daga nan 'yan gayu suka karɓe shi. Yau ana zana masa furanni, a manna ƙyalƙyali, amarya ma ta sa fari in bikin a karkara ne. Wanda ya tsufa, yara a makarantu su huda ƙasansa, su zuba ƙasa, su shuka fure, a rataye jikin shinge. Abin sha'awa ne, amma kada mu ruɗi kanmu: tukwanen fure nawa gida ɗaya zai ɗauka?

Matsalar tana cikin robar kanta. Farar wutar nan ta Goodyear tana ɗaure zaruruwan danƙo da juna, ɗaurin da wuta ba ta kwancewa. Ka zafafa gorar ruwa ta narke, a sake zuba ta a wani abu. Ka zafafa gasasshiyar roba, sai dai ta ƙone ta yi baƙin hayaƙi. Akwai dabarun tsinke wannan ɗauri, amma da tsada, kuma robar da ake samu ba ta kai sabuwa ƙarfi ba. Ga kuma yadin da aka shimfiɗa a ciki da gam, wanda ɓare shi aiki ne. Shi ya sa masu karɓar tsofaffin takalma niƙa su suke yi, a zuba garin a daɓen filin wasan yara ko filin sukuwar dawaki. Takalmi dai ba ya komawa takalmi.

Masu araha kuwa yawanci ba danƙo ba ne, wani nau'in filastik ne da ake kira PVC. Shi yana narkewa, sai dai dole a ware shi daban, kuma a ido su biyun kusan ɗaya suke. Fenti da ƙyalƙyalin da aka lafta ma ƙarin datti ne ga mai niƙa.

A ganina, mai facin taya ya fi duk waɗannan dabara. Takalmin ruwa yakan fara tsagewa ne a lanƙwasar idon sawu ko saman yatsu, alhali tafinsa garau. A wanke wurin, a bari ya bushe, a kankare, a shafa gam, a ɗora faci irin na tayar keke, ya sake zagayo wata damina. Farin ƙurar da kan fito a jikin na danƙo ba lalacewa ba ce, kakin da ke cikin robar ne ya taso, gogewa kawai yake so. Abin da ke kashe shi da wuri rana ce da ajiya kusa da wuta.