Fitilar Tetris: Yadda guntayen katako za su haska ɗaki idan an ɗauke wuta

Duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 zai tuna 'yar na'urar wasan hannu da ake kira Brick Game, wadda tubala ke zubowa daga sama, mai wasa yana jera su kafin allo ya cika. Asalin wasan shi ne Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a birnin Mosko a 1984. A yau masu aikin hannu a ƙasashe da dama suna ƙera fitilun ado na katako da siffar waɗannan tubala, aikin da bai fi ƙarfin kafinta a Gumel ko Gagarawa ba.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne siffofin Tetris bakwai ne kacal, kowace kuma murabba'i huɗu ne a manne. Babu lanƙwasa, babu sassaƙa. Zarto, gam, ƙananan ƙusoshi da guntayen katakon da suka rage bayan an gama gado ko kujera sun wadatar.

Kafinta zai fara da harhaɗa ƙananan akwatuna masu girma ɗaya, misali santimita 6 kowace kusurwa, ya manna su huɗu-huɗu. Sai ya goge su sumul, ya shafa fenti don kariya daga gara. Fuskar kowane akwati ana rufe ta da roba mai launi wadda haske ke ratsawa. A ciki ake shimfiɗa zaren fitilar LED mai cin bolt 5, irin wanda ake jonawa da wayar USB. Ta haka batirin cajin waya, wanda za a iya cajawa da ƙaramin farantin sola, zai iya kunna ta, yara su yi karatun dare ko da babu wutar lantarki.

Sai dai akwai wurin taka-tsantsan. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana zafi sosai, bai dace da akwatin katako ba. Batirin ma gara a bar shi a waje, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yakan haura digiri 40. A bayan kowane akwati a huda 'yan ƙofofin shan iska.

Ga yankin da ke fama da kwararowar hamada, ribar biyu ce: ba a sare ko bishiya ɗaya ba, guntayen da a da makomarsu murhu kuma sun zama haja. Matashin da ya iya haɗa ta yana da inda zai gwada sa'arsa, wato kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis, inda masu saye daga Najeriya da Nijar ke haɗuwa.