Sayen gida a tsohon ƙauyen masaƙa a Ingila: Abin da mai nema ya kamata ya sani

A kwaruruwan arewacin Ingila, musamman a yankunan Yorkshire da Lancashire, akwai ƙananan ƙauyuka da dama waɗanda masaƙa ce ta haife su. Injinan sun daɗe da daina aiki, amma gidajen ma'aikata na nan a jere, bango haɗe da bango, kuma har yanzu ana cinikinsu. Masu neman muhalli, ciki har da 'yan Najeriya da aiki ya kai su asibitoci da jami'o'in Leeds da Bradford da Manchesta, sukan mai da hankali ga irin waɗannan wurare saboda gidajen arewa sun fi na Landan da kewayenta sauƙin kuɗi. Sai dai gidan da ya haura shekara 150 yana zuwa da nasa sharuɗɗan, kuma wanda bai san su ba kafin ya sa hannu a takarda zai iya kashe abin da ya fi rangwamen da ya samu.

Asalin waɗannan ƙauyuka

Masaƙun farko da ƙarfin ruwa suke aiki, shi ya sa aka gina su a bakin koguna, nesa da birane. A 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗin auduga a Cromford, kuma da yake babu isassun mazauna a wurin, dole ya gina wa ma'aikata gidaje. Wannan tsari ya bazu zuwa wurare irin su New Lanark a Sikotland. Daga baya audugar Arewacin Najeriya ma ta shiga cikin lamarin, domin ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya da aka kafa a 1902 ta riƙa saye a ƙasar Zariya da Katsina tana aikawa masaƙun Lancashire.

Ƙauyen Saltaire da ke kusa da Bradford misali ne mai kyau. Attajiri Titus Salt, wanda ya yi arziki da saƙar gashin alfaka, wata dabba ta Kudancin Amurka dangin raƙumi, ya kwashe harkarsa daga cikin hayaƙi da cunkoson Bradford zuwa bakin kogin Aire. An buɗe masaƙar a 1853, ta ɗauki ma'aikata kimanin 3,000. A gefenta ya gina gidaje fiye da 800, da makaranta, da asibiti, da coci, da wurin shaƙatawa, ya kuma hana buɗe gidan giya. Masaƙar ta rufe a 1986. Shekara guda bayan haka ɗan kasuwa Jonathan Silver ya saye ta, ya mai da ita wurin shaguna da ofisoshi da zauren baje kolin zane-zanen David Hockney. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.

Ba kowane ƙauye ne ya yi wannan sa'a ba. A wasu, masaƙar ta zama gidaje masu hawa; a wasu an rushe ta; a wasu kuwa tana nan kango. Wanda ya ga yadda unguwar Kakuri a Kaduna ta koma bayan rufe masaƙunta zai fahimci dalilin da ya sa makomar babban ginin ke shafar darajar kowane gida da ke kewaye da shi.

Lafiyar ginin

Yawancin gidajen na dutse ne ko jan bulo, kuma bangonsu tumbur yake, ba shi da ratar da ake bari a tsakiyar bangon zamani don tare sanyi da laima. Saboda haka ɗumama gidan a lokacin hunturu yana cin kuɗi. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya nuna takardar shaidar yadda gidan ke riƙe ɗumi, wadda ke da matakai daga A zuwa G, kuma tsofaffin gidaje sukan faɗa a matakan ƙasa.

Danshi shi ne babban abokin gaba. Tsohon bango an ɗora shi ne da farar ƙasa, wadda ke barin laima ta fita. Idan wani ya yi gyara ya shafe shi da siminti, sai ruwa ya maƙale a ciki, fenti ya riƙa ɓarewa, funfuna ta bayyana, katakon bene ya fara ruɓewa. Ana kuma duba rufi, da bututun hayaƙi, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da wayoyin lantarki. Binciken da banki ke yi kafin ya ba da lamuni ƙiyasin daraja ne kawai. Mai saye shi ne zai ɗauki ƙwararren mai duba gini da kuɗinsa, kuma ga tsohon gida cikakken bincike ya fi dacewa da na sama-sama.

Akwai kuma wani nau'in gida da ke haɗa bangon baya da na maƙwabci, ta yadda ƙofa da tagogi duk a fuska ɗaya suke. Dokar gidaje ta 1909 ta hana gina sababbi saboda ƙarancin iska, amma da yawa na nan a yammacin Yorkshire. Suna da araha, sai dai ba su da fili a baya.

Kogin da ya kawo arziki

Ruwan da ya juya injina shi ne kuma ke shiga ɗakuna. Ranar 26 ga Disamba, 2015, kogunan Aire da Calder sun cika sun tumbatsa bayan mamakon ruwan sama. Garuruwan Hebden Bridge da Mytholmroyd, waɗanda suka sha ambaliya a 2012, sun sake nutsewa, haka kuma a Fabrairun 2020. A Saltaire ruwa ya mamaye filin shaƙatawa na bakin kogi, amma yawancin gidajen ma'aikata suna kan tudu. Wannan na nuna cewa a ƙauye ɗaya, layi ɗaya na iya zama cikin haɗari, na samansa kuma lafiya lau.

Hukumar kula da muhalli ta Ingila tana wallafa taswirar haɗarin ambaliya a intanet kyauta, kuma ana iya duba kowane adireshi. Tun daga 2016 akwai shirin Flood Re, wanda gwamnati da kamfanonin inshora suka kafa don sauƙaƙa kuɗin inshorar gidajen da ke cikin haɗari. Shirin bai shafi gidajen da aka gina daga 2009 zuwa yau ba, bai ɗauki inshorar ginin da ke da rukunin gidaje fiye da uku ba, kuma an tsara zai ƙare a 2039. Wanda zai ɗauki lamunin shekara 25 ya kamata ya lissafa da wannan wa'adi.

Gidanka ne, amma da iyaka

Yawancin gidajen Saltaire suna cikin rajistar gine-ginen tarihi. A ƙarƙashin dokar 1990, sauya taga, ko ƙofa, ko rufi, ko rushe bangon ciki a irin wannan gida na buƙatar izinin ƙaramar hukuma, kuma yin aikin ba tare da izini ba laifi ne. Abin da ya fi damun sabon mai gida shi ne, idan wanda ya gabace shi ya yi gyara ba bisa ƙa'ida ba, hukuma na iya tilasta wa mai gidan na yanzu ya mai da shi yadda yake.

Mallaka ma iri biyu ce. Akwai ta dindindin, inda gida da filin da yake kai duk na mai saye ne. Akwai kuma ta wa'adi, wadda ta ɗan yi kama da takardar mallakar fili ta shekara 99 da gwamnoni ke bayarwa a Najeriya. A Lancashire gidajen ma'aikata da yawa suna kan wa'adin shekara 999, tare da ɗan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Gidajen da aka yanka a cikin tsohuwar masaƙa kuwa kusan duk na wa'adi ne, kuma mazauna ne ke haɗa kuɗin gyaran rufi da bangon katafaren ginin. Idan wa'adin da ya rage ya gaza shekara 80, bankuna sukan yi ɗari-ɗari.

Lauyan mai saye ne ke binciko waɗannan, tare da tarihin ramukan haƙar kwal a ƙarƙashin unguwar, da gurɓatar ƙasa daga tsofaffin marina. A Ingila, amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa ba sai ranar da aka yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin nan kowane ɓangare na iya janyewa.

Zaman yau da kullum

An shata layukan ne kafin zuwan mota, don haka ƙunci gare su, kuma wurin ajiye mota na jawo saɓani tsakanin maƙwabta. Yawancin gidajen ɗakin kwana biyu ne, da ɗan tsakar gida a baya, abin da zai matsa wa iyali mai yawa ko mai yawan baƙi. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, kukan yaro da ƙarar talabijin duk suna ratsawa. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma a cikin kwari duhu ya fi saurin shiga.

Sufuri ne ke raba ƙauye da ƙauye. Saltaire na da tashar jirgin ƙasa da aka sake buɗewa a 1984, kuma tafiya zuwa Leeds kimanin minti 15 ce. Wannan, tare da sunan da ƙauyen ya yi, ya sa gidajensa sun fi na unguwannin maƙwabta tsada. Ƙauyen da ke ƙarshen kwari kuwa wataƙila bas kaɗai ke zuwa, ita ma ba ta kai dare, wanda matsala ce ga ma'aikacin jinya mai aikin dare.

Ga Musulmi, kusanci da Bradford na da amfani. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 30 cikin 100 na mazauna gundumar Musulmi ne, da yawansu zuriyar waɗanda suka zo aikin masaƙa daga Pakistan a shekarun 1950 da 1960. Masallatai da naman halal na nan a birni, amma ƙaramin ƙauye ba lallai ba ne a same su a ciki. Wasu bankuna a Birtaniya kuma suna da tsarin sayen gida marar kuɗin ruwa, inda banki da mai saye ke haɗa mallaka, mai saye yana biyan haya yana sayen kason bankin sannu a hankali.

Kafin a biya kafin alƙalami, yana da kyau mai nema ya ziyarci ƙauyen fiye da sau ɗaya: ranar da ake ruwa, da dare, da kuma safiyar ranar aiki. Ya nemi farashin inshora a kan ainihin adireshin, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya kai a 2015, ya kuma ware kuɗin gyara dabam da kuɗin gida.