Ƙaba Ba Ta Narkewa da Jiƙo

Ƙaba, wadda ake kira gwaiwa idan ta gangara cikin maraina, ɓula ce a tsokar bangon ciki wadda hanji ko kitse ke leƙowa ta cikinta, galibi a matsematsi, ko a cibiya, ko a tabon tsohuwar tiyata.

Abin takaici shi ne har yau masu tallar magani da lasifika a kasuwanni suna rantsuwa cewa jiƙonsu yana narkar da ita, mutane kuma suna saye. Ƙaba ba ƙari ba ce balle ta narke, kuma abin da aka sha ba ya ɗinke tsokar da ta yage. Kumburin yakan koma da kansa idan mutum ya kwanta, wannan komawar ce mai magani ke nunawa a matsayin waraka, alhali ɓular tana nan tana ƙara faɗi. In ban da cibin ƙananan yara, wanda sau da yawa yakan rufe kafin shekara 5, babu mai gyara ƙaba sai tiyata. Jinkirin kuwa ganganci ne, domin ranar da hanji ya maƙale jini ya yanke masa, cikin 'yan sa'o'i yake fara ruɓewa.

Masu gudun asibiti saboda tsoron yanka ya kamata su san da laparoskopi, wato tiyatar da ake yi ta ƙananan kafofi, wadda ta yaɗu a aikin ƙaba tun farkon shekarun 1990. Bayan an sa majiyyaci barci, likita yakan huda kafofi kamar 3, kowace ba ta wuce kimanin santimita 1 ba, ya hura iskar kabon dayoksaid domin ciki ya buɗe, sannan ya zura kyamara yana kallo a allo, ya mayar da hanjin, ya shimfiɗa raga ta musamman a bayan ɓular. Zafin ciwo bai kai na yankan da aka saba ba, kuma da yawa sukan koma aiki mara nauyi cikin mako 1 zuwa 2. Sai dai ta fi tsada, ba kowane asibiti ke da kayanta ba, yankan da aka saba kuma yana gyara ƙaba sarai.

Wanda ya ga kumburi ya je likita ya duba tun yana komawa, kada ya bari a yi masa tsaga ko sakiya. Idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga azabar ciwo da amai, ga rashin fitar bayan gida, to asibiti za a nufa nan take ko da tsakar dare ne, ba tare da an ba shi abinci ko jiƙo ba.